Tambaya: kewaya tafkin Son-Kul a kan keke ga wanda bai saba da tsauni ba

Badauri Mai Keke ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida 'yan uwa masu sha'awar doguwar tafiya a kan keke, musamman manyanmu da suka riga mu ganin duniya. Ni malamin makaranta ne a Daura, kuma tafiyar da na fi sabawa da ita ita ce daga Daura zuwa Katsina, kimanin kilomita 80, wadda nakan fara bayan sallar asuba in isa kafin rana ta take, in kwana, washegari in juyo gida.

Ƙanena yana karatun likita a Bishkek, babban birnin ƙasar Kirgizistan, kuma ya matsa mini in ziyarce shi a dogon hutun da makarantu ke yi a watan Agusta. Tun da muka fara wannan magana hankalina ya tafi ga wani tafki da ke can cikin tsaunukan Tiyan Shan, a lardin Narin, mai suna Son-Kul, wanda yake a bisa tsayin mita 3,016 daga saman teku. Na ga hotunan masu keke ɗauke da jakunkuna suna hawa wasu hanyoyi masu lanƙwasa a jikin dutse don su isa gare shi, sai na ji ina son in gwada, in kewaye tafkin, in sauko ta wani ɓangaren daban.

Tambayoyina uku ne. Na farko, shin ƙarfin da na samu a shimfiɗaɗɗiyar hanyarmu zai ishe ni, ko kuwa hawan tsauni wani abu ne daban da sai an koye shi? Na biyu, keken da nake da shi irin mai giya ne na gwanjo, ƙafarsa inci 26, birkinsa na roba. Zai yi, ko sai na nemi wani? Na uku, na ji ana maganar ciwon da tsayin wuri ke jawowa, kuma ina son wanda ya sani ya faɗa mini gaskiyar hatsarinsa ga mutumin da ya tashi a ƙasa irin tamu. Kwanakin da zan iya ware wa tafiyar ba za su wuce goma ba. Allah ya saka wa duk wanda ya ba ni haske da alheri.

Bakatsine Matafiyi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na zauna a Bishkek saboda aiki, kuma na hau zuwa wannan tafki a kan keke, don haka zan faɗi abin da na sani game da hanya, in bar maganar lafiya ga masu ita.

Abu na farko da ya kamata ka sake wa lissafi shi ne yadda kake auna tafiya. A nan gida da kilomita muke aunawa, domin tsakanin Daura da Katsina ƙasa ba ta tashi ba ta sauka yadda ƙafa za ta ji, kuma garuruwan biyu duka suna wajen mita 500 ne daga saman teku. A can kuwa abin da ke cin ƙarfin mutum shi ne mitocin da ya hau sama. Bishkek tana wajen mita 800. Garin Kochkor, inda yawancin masu zuwa tafkin ke yada zango, yana wajen mita 1,800, kuma yana da nisan kimanin kilomita 200 daga Bishkek a kan kwalta. Daga Kochkor zuwa bakin tafkin wajen kilomita 100 ne, wanda a lissafinka na gida tafiyar wuni guda ce, amma a tsakiyar wannan ɗarin akwai mashigin Kalmak-Ashu wanda ya haura mita 3,400. Wato za ka ɗaga kanka da kekenka da kayanka sama da mita 1,600, kuma rabi na biyu na hanyar ba kwalta ba ne, tsakuwa ce da gargada.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Idan an ce hawa kashi 8 cikin ɗari ne, ana nufin a kowace mita ɗari da ka ci gaba ka tashi sama da mita takwas. Mutum mai ɗauke da kaya a irin wannan hawa, idan yana da giyar da ta dace, yakan yi tafiyar kilomita huɗu zuwa biyar a sa'a, wanda ke nufin yana hawa mita 300 zuwa 400 a sa'a guda, ban da tsayawar numfashi, kuma tsayawar tana yawaita yayin da aka doshi ƙololuwa. Saboda haka kada ka sa wa kanka isa tafkin daga Kochkor a wuni guda. Ka bi kwaltar da ta nufi Narin har ƙauyen Sari-Bulak, ka karkata yamma ka shiga kwarin da ya nufi Keng-Su, ka kwana a cikin kwarin kafin hawan ya tsananta, sannan ka tashi da sassafe ka fuskanci mashigin. Ina nanata maganar sassafe domin a tsaunukan nan hadari da iska sun fi tasowa bayan azahar, kuma ba wurin da ya fi muni hadari ya riski mutum kamar saman mashigi, inda babu itace ko ɗaya balle rumfa.

Yanayin wurin kansa yana da muhimmanci ga shirinka. Tafkin yana zaune ne kamar ruwa a cikin akushi: fili ne mai faɗi na ciyawa, tsaunuka sun kewaye shi ta kowace fuska. Tsawonsa wajen kilomita 29 ne, faɗinsa wajen 18, kuma ba shi da zurfi sosai, wajen mita goma sha uku ne a inda ya fi zurfi. Kewayen kansa ba shi da hawa mai wahala, kwana biyu sun isa a yi shi cikin natsuwa, sai dai ɓangaren gabas yana da fadama, kuma yana cikin yankin da hukuma ta keɓe saboda tsuntsayen ruwa, don haka hanyar takan ja nesa da gaɓa a can. Wahalar duka tana wajen shiga da fita. Ban da Kalmak-Ashu da ke arewa maso gabas, akwai Moldo-Ashu a kudu, wanda ya haura mita 3,200, kuma a ganina shi ne mafi kyawun gani, domin daga samansa hanya take gangarawa tana lanƙwasa har ta shiga dajin itatuwa masu tsini ta fita kwarin kogin Narin. Akwai Terskei-Torpok a kudu maso gabas, mai kwana-kwana fiye da talatin a jere a jikin dutse guda. Akwai kuma Kara-Keche a yamma, wanda ba na ba ka shawarar bi, saboda akwai mahaƙar kwal a wannan hanya, manyan motoci na ta kai da kawowa cikin ƙura.

Da ni ne kai, da na shiga ta Kalmak-Ashu na fita ta Moldo-Ashu. Hawan Kalmak-Ashu daga gabas yana da tsawo amma yana bin kwari a hankali kafin ya miƙe, ita kuwa Moldo-Ashu gara a gangare ta da a hau ta.

Game da sanyi, kada zafin Bishkek ya ruɗe ka. A watan Agusta birnin yakan haura digiri 30, amma a ƙa'ida zafi yana raguwa da wajen digiri shida da rabi a kowace mita dubu da aka hau, ga shi kuma dare a fili mai tsayi yana saurin huce zafin rana. Ruwa yakan daskare a bakin tanti da asuba ko a tsakiyar bazararsu, kuma dusar ƙanƙara tana iya sauka a kowane wata. Makiyaya suna hawowa da dawakai da tumaki ne daga wajen Yuni zuwa Satumba kawai, su kafa tantunansu na gashin tumaki, a mafi yawan sauran shekara kuwa tafkin a daskare yake kuma hanyoyin a rufe. Yawancin waɗannan tantuna suna karɓar baƙi da kuɗi, a ba ka shimfiɗa da barguna da shayi da burodi, saboda haka kana iya rage kaya sosai. Duk da haka ka riƙe jakar barci mai kauri, da rigar ruwa, da safar hannu, da kuɗinsu na som a hannu, domin babu banki a can kuma sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne.

Amsar tambayarka ta farko ke nan a taƙaice: ƙarfin da kake da shi jari ne, amma hawa sai an koya. Kafin Agusta, idan hali ya yi kuma hanya ta yi lafiya, ka je Jos, wadda take wajen mita 1,200, ka gwada Hawan Kibo da kaya a bayan keke, ko kuma hawan Mambila daga Mayo Selbe zuwa sama idan za ka iya kai kanka Taraba. Ba za su koya maka ƙarancin iska ba, amma za su koya maka zama a kan sirdi kana juya feda a hankali na tsawon sa'o'i ba tare da gangara ta zo ta hutar da kai ba.

Hajiya Likita daga Katsina ta amsa:

Malam, sannu da ƙoƙari. Bayanin da ɗan uwa matafiyi ya yi a kan hanya ya wadatar, amma akwai wata magana da ya faɗa a wuce wadda a wurina ita ce mafi nauyi, wato cewa tsaunuka sun kewaye tafkin. Zan dawo kanta.

Iskar da ke saman tsauni ba ta canza sinadari ba, kashi 21 cikin ɗari na oksijin ne kamar yadda yake a Daura. Abin da ya ragu shi ne matsin iskar, wanda a mita 3,000 yake wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da yake a bakin teku, saboda haka kowane numfashi yana shigar da oksijin kaɗan cikin jini. Jiki yana iya sabawa da wannan, yana ƙara saurin numfashi, ƙoda tana daidaita jini, daga baya kuma jajayen ƙwayoyin jini su ƙaru, amma sabawar tana ɗaukar kwanaki, kuma ba ta da alaƙa da ƙarfin mutum. Sau da yawa ma matasa masu ƙarfi ne suka fi kamuwa, domin su ne ke iya hawa da sauri fiye da yadda jikinsu zai iya biyo su.

Ciwon tsauni yakan fara bayyana ne daga wajen mita 2,500 zuwa sama, sa'o'i kaɗan bayan isa ko a daren farko. Alamunsa su ne ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, kasala da rashin barci. Idan ya tsaya a nan, maganinsa shi ne a daina hawa, a huta, a sha ruwa, kuma yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma yana da matakai biyu masu kisa. Ɗaya shi ne ruwa ya taru a huhu, mutum ya riƙa haki ko yana zaune, da tari, wani lokaci da kumfa mai ja-ja. Ɗayan shi ne kumburin ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa tangaɗi, ya kasa tafiya a miƙe, maganarsa ta rikice. Duk wanda ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, babu jiran gari ya waye, sai a saukar da shi ƙasa nan take.

A nan ne yanayin tafkin ya zama matsala. A kan dutse na yau da kullum, wanda jikinsa ya ƙi sai ya juya ya gangara. A Son-Kul kuwa, wanda ya kwana a mita 3,016 ya tashi da ciwo, ba shi da hanyar sauka sai ya fara hawa wani mashigi tukuna, kuma mai haki ba ya tuƙa keke zuwa sama. Don haka tun kafin ka shiga, ka san wanda zai iya fitar da kai da mota, ka riƙe kuɗin hakan daban, kuma kada ka je kai kaɗai, domin wanda ƙwaƙwalwarsa ta fara kumbura shi ne na ƙarshe da zai gane halin da yake ciki.

Ƙa'idar da likitocin tsauni ke bayarwa ita ce, da zarar an kusanci mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya tsayi da fiye da mita 500, kuma a ware ranar hutu bayan kowane kwana uku ko huɗu. Tsayin wurin kwana ake dubawa, ba tsayin da aka taka da rana ba. Da kwana goma a hannunka, ina ba ka shawarar kwana biyu a Kochkor, da kwana biyu a cikin kwari maimakon ɗaya da ɗan uwa ya ambata, na biyun a sama da na farko kaɗan. Akwai maganin da ake kira asitazolamaid wanda ke taimaka wa jiki ya saba da wuri, amma likitan da ya duba ka ne zai rubuta maka shi, ba a shagon magani za ka yanke wa kanka ba.

Abu biyu kuma da suka shafe mu mu 'yan Najeriya musamman. Na farko zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Kirgizistan a matsayin ƙasar da ta rabu da wannan cuta a 2016, don haka ma'aikacin lafiya a ƙauye ba lalle ne tunaninsa ya kai can ba idan ka zo masa da zazzaɓi, alhali kai daga tsakiyar damina ka fito. Ka tafi da magani da abin gwaji, kuma ka faɗa musu daga inda ka zo. Na biyu tambaya ce: ka san nau'in jininka, wato AA kake ko AS?

Baba Mai Gyaran Keke, Ƙofar Ƙaura, ya amsa:

Ɗana, ni ban je ƙasar ba, amma keke sana'ata ce tun zamanin da Raleigh da Phoenix suka cika gari, don haka zan yi magana a kan tambayarka ta biyu kawai.

Kada ka raina kekenka saboda na gwanjo ne. Ƙafa mai inci 26 tana da ƙarfi, kuma tayarta da tib ɗinta ba su da wuyar samu a kasuwannin duniya. Abin da za ka duba shi ne haƙora. Baƙin keken da muka saba da shi yana da haƙora wajen 44 a gaba da 18 ko 20 a baya, wato duk juyin feda ɗaya ƙafa tana juyawa fiye da sau biyu, kuma wannan a kan tudu da kaya karya gwiwa ne. Kai kana bukatar ƙaramin faifan gaba mai haƙora 22 ko 24, da babban na baya mai 34 ko 36. Da 22 a gaba da 36 a baya, juyin feda ɗaya ba zai kai ka mita ɗaya da rabi ba, kuma wannan ne zai ba ka damar yin tafiyar kilomita huɗu zuwa biyar a sa'a da matafiyi ya ambata ba tare da ka sauka kana turawa ba. Ka ƙirga haƙoran kekenka da kanka, idan ba su kai ba a canza, a sa sabuwar kaca tare da su, domin tsohuwar kaca a kan sababbin haƙora tsalle take yi.

Inda na fi jin tsoro shi ne gangara. Mutane suna shirya wa hawa, su manta cewa duk abin da aka hau sai an sauko shi. Birkin roba idan aka danne shi aka riƙe na tsawon lokaci, gefen ƙafar yana yin zafi har tib ya fashe, kuma fashewar tayar gaba a kan kwana ba ƙaramin abu ba ne. Dabarar ita ce ka matsa da ƙarfi ka rage gudu, ka saki, ka sake matsawa, gaba da baya tare, kuma ka riƙa tsayawa kana taɓa ƙarfen da hannu. Idan ya yi zafin da ba za ka iya riƙewa ba, ka jira ya huce. Mai birkin faifai ma bai tsira ba, shi ma yana zafi ya daina kamawa. Ka sa sababbin robobi kafin tafiya, ka riƙe wasu a jaka, domin tsakuwa da ruwa suna cinye su da sauri.

Ka sa taya mai faɗin inci biyu ko fiye, kada ka cika mata iska har ta sandare, don gargada ba ta son taya mai tauri. Ka riƙe tib biyu, faci da sholisho, famfo mai kyau, wayar birki da ta giya, da 'yan wayoyin ƙafa na canji. Kariya kuwa ta ƙarfe za ka sa, ka ɗaure kusoshinta sosai kana dubawa kowace safiya, domin girgiza tana kwance su. Kafin ka tafi ka zo ka zauna wurin mai gyara wuni guda ka kwance keken ka mayar da hannunka, saboda a cikin kwali za a sa shi a jirgi, kuma kai za ka haɗa shi a can.

Badauri Mai Keke ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Baba, na ƙirga, 28 ne a gaba da 28 a baya, don haka canji ya zama dole, kuma zan shigo Katsina da keken in Allah ya yarda. Hajiya Likita, gwajin da aka yi mini kafin aure ya nuna AS ne, amma ban taɓa yin wani ciwo da aka danganta da shi ba, kuma ina yin doguwar tafiya a cikin zafin Afrilu ba tare da wata matsala ba. Shin wannan ya hana ni tafiyar gaba ɗaya? Sannan ina roƙon ɗan uwa matafiyi ya ɗan yi mini bayanin abinci da ibada a can, domin na ji an ce suna cin naman doki.

Hajiya Likita daga Katsina ta sake amsawa:

Malam, na ji daɗi da ka san amsar, domin wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne kuma da yawa ba su sani ba. AS ba ciwon sikila ba ne, kuma mafi yawan masu shi suna rayuwarsu har tsufa ba su ji komai ba. Sai dai akwai yanayi kaɗan da ke iya sa jajayen ƙwayoyin jininsu su lanƙwashe, kuma tafiyarka ta haɗa uku daga ciki a lokaci guda: ƙarancin oksijin, aiki mai tsanani, da bushewar jiki, wadda ke saurin zuwa a tsauni saboda iskar busasshiya ce, numfashi ya yawaita, sanyi kuma yana ɓoye ƙishirwa. Abin da aka fi sani yana faruwa shi ne toshewar jini a saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a saman ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba zuwa kafaɗar hagu, da amai ko zazzaɓi, yawanci a kwanakin farko na isa wuri mai tsayi. Ba kowa yake samu ba, amma an sha ganinsa ga mutane masu ƙoshin lafiya da ba su taɓa yin wani ciwo ba, don haka lafiyar da ka samu a hanyar Katsina ba hujja ba ce a mita 3,400. Wanda yake SS ko SC kuwa, wannan tafiya ba tasa ba ce sam.

Ba zan yanke maka hukunci daga nesa ba. Ka je ka ga likitan jini, ka faɗa masa tsayin wurin da lambobinsa da irin aikin da za ka yi, ka kuma tambaye shi game da maganin da na ambata, tun da yana sa yawan fitsari, abin da ke ƙara bushewar jiki. Ra'ayina dai shi ne ka duba tafkin Isik-Kul a madadin wannan. Yana mita 1,607 ne kawai, tsawonsa ya kai kilomita 180, ba ya daskarewa ko da hunturu, akwai garuruwa da asibitoci a gefensa irin su Karakol da Cholpon-Ata, kuma daga gaɓarsa ta kudu kwaruruka irin su Barskon da Jeti-Oguz suna hawa cikin tsauni da tsananin da zai ishi kowane mai son hawa. A can kana iya hawa da rana ka sauko ka kwana a ƙasa, kuma idan jiki ya ƙi, gangara ce kawai tsakaninka da taimako.

Bakatsine Matafiyi ya sake amsawa:

Malam, tun da maganar ta zama haka, ina goyon bayan Hajiya Likita, kuma ina ƙara cewa zaɓin biyu ba sa hana juna, domin Kochkor ba ta da nisa da Balikchi, garin da ke bakin Isik-Kul ta yamma. Kana iya fara kwanakinka a gefen Isik-Kul kana hawa kwaruruka, idan likitanka ya amince kuma jiki ya nuna ya karɓa, sai ka ƙarasa Son-Kul a ƙarshe da mota tana biye da ku, ka kwana ɗaya ka fita. Idan ta kama a fita da gaggawa, Terskei-Torpok ne mashigin da bai fi bakin tafkin tsayi da yawa ba, kuma yana fitar da mutum zuwa kwaltar Narin. Hanyar da ta kewaye Isik-Kul kuwa ta haura kilomita 400, ba za ta shiga cikin kwana goma tare da hawan kwaruruka ba, don haka ka tsaya ga gaɓar kudu, wadda ta fi ƙarancin motoci da masu yawon hutu.

Game da ibada, mafi yawan mutanen ƙasar Musulmi ne, mabiya mazhabar Hanafiyya, kuma za ka samu masallatai a garuruwa. Idan ka isa Karakol ka ziyarci masallacin katako da Musulmi 'yan asalin Sin suka gina a farkon ƙarni na ashirin. Alƙibla a can kudu maso yamma take, ba gabas ba, kuma ranar bazararsu tana da tsawo, asuba tana yi da wuri, isha'i tana jinkiri, don haka ka sauke jadawalin lokutan wurin a wayarka tun kana da sabis. Ruwan rafukan daga ƙanƙara yake narkowa, saboda haka ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da taimama kafin ka tashi, ka kuma riƙe ƙaramin risho na ɗumama ruwa. Tukunyar gas ba ta shiga jirgi, a Bishkek za ka saya. Ruwa a mita 3,000 yana tafasa ne a wajen digiri 90, shinkafa da wake sukan daɗe ba su nuna ba, don haka taliya da garin kunu da dabino da ƙuli-ƙuli sun fi dacewa da guzuri, kuma ruwan rafi a tafasa shi kafin a sha saboda dabbobi suna kiwo a samansa.

Naman doki gaskiya ne suna ci, musamman a bukukuwa, amma abincin yau da kullum naman tunkiya ne da na shanu, kuma idan ka tambaya za su faɗa maka ba tare da jin haushi ba. Abin da za a fi miƙo maka a tantin makiyaya shi ne nonon goɗiya da aka bari ya yi tsami, wanda yake ɗauke da ɗan abin maye kaɗan sakamakon tsimuwar. Wanda ba ya so sai ya ɗora hannu a ƙirji ya yi godiya ya nemi shayi, kuma ya gutsuri burodin da aka ajiye, domin burodi ne suke ba girma a wurin karɓar baƙo. Karnukan makiyaya sukan biyo keke da haushi. Ka tsaya ka sauka, ka sa keken tsakaninka da su har mai su ya fito. Maganar biza kuma ka fara ta tun yanzu ta hannun ƙanenka, ka tabbatar inshorar tafiyar da za ka saya ta ambaci hawan keke a sama da mita 3,000 a rubuce, domin da yawa daga cikinsu suna cire wannan.